Shawara kan ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar ɓera na tsawon watanni

Ɗaliba: Assalamu alaikum. Ina shirin bibiyar yadda ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɓera ke amsawa idan an taɓa gashin bakinsa, kuma ina son in riƙa komawa kan ƙwayoyi iri ɗaya har wata uku. Shin in buɗe taga a ƙoƙon kai ne, ko in kankare ƙashin ya yi siriri?

Mai kula da ɗakin gwaji: Wa alaikumus salam, Malama. Idan ƙwayoyi ɗaiɗai kike son gani da madubin haske mai fotan biyu (na'urar ƙara girman ƙananan abubuwa da ke hango cikin nama mai rai), wanda masana Denk da Strickler da Webb suka fito da shi a 1990, to taga ce ta fi, wato a cire ƙashi kamar milimita 3 zuwa 5 a liƙa gilashi a gurbinsa. Ƙashin da aka kankare yakan sake yin kauri, hoto ya dusashe. Ki bar dabbar ta warke mako biyu zuwa uku kafin ki fara aunawa, domin kumburin tiyata yana gurɓata sakamako.

Dakta: Na yarda da batun taga, amma abin da ya fi ɓata dogon aiki shi ne sinadarin da ke haskawa idan kalsiyam ya shiga ƙwaya, alamar cewa ƙwayar tana aiki. Idan aka shigar da irin wannan sinadari, wato GCaMP6, ta hanyar bairas ɗin AAV mai kai shi cikin ƙwayoyi, yawansa yana ƙaruwa da lokaci har ya cika tsakiyar wasu ƙwayoyin, amsarsu ta sauya, mai bincike kuwa ya ɗauka koyo ne ya sauya ta. Saboda haka na fi son ɓerayen da aka haifa da sinadarin, irin su Thy1-GCaMP6, sai dai a bincika tukuna, don an ba da rahoto a 2017 cewa wasu nau'o'in ɓerayen da aka haifa da sinadarin suna nuna alamu masu kama da farfaɗiya.

Ɗaliba: Na gode, Dakta. To, yaya zan tabbatar wuri ɗaya nake komawa?

Dakta: Ki ɗauki hoton jijiyoyin jinin da ke saman ƙwaƙwalwar tun ranar farko, su ne taswirarki, sannan manhajar Suite2p ta daidaita motsin hotunan.

Mai kula da ɗakin gwaji: Kuma ki saba wa ɓeran da zama a farke kansa a ɗaure, domin maganin sa barci na isoflurane yana raunana amsar taɓawa sosai.