Injin lanƙwasa farantin ƙarfe: kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa

Mai ƙofa, Ƙofar Ruwa: Salamu alaikum 'yan'uwa. Jiya saura ƙiris yaron shagona ya bar yatsunsa a bakin inji. Muna lanƙwasa faranti mai tsawon ƙafa 8, feda na ƙarƙashin ƙafata, shi kuma yana can gefe yana daidaita layin alli. Na ji ya ce "to", na taka. Ashe da mai shayi yake. Allah ya taƙaita, farce kaɗai ya fita. Tun jiya na kasa cin abinci. Ya kuke yi idan aikin na mutum biyu ne?

Dattijon Panteka, Kaduna: Allah ya kiyaye gaba, ɗana. A shagona mai feda ba ya takawa sai ya ga hannayen abokin aikinsa da idonsa, duka biyun. Kunne ba abin dogaro ba ne a cikin ƙarar janareta da guduma. Babban yatsana na hagu guntu ne. Ba ina sabon shiga na rasa shi ba, sai da na ƙware har nake aiki ina hira. Ƙaramin ƙarfe na riƙe da yatsa maimakon in ɗauko filaya, don ina sauri in kai wa mai aiki kafin la'asar. Ko zafi ban ji ba da farko, jini kawai na gani a kan faranti.

Yaron gida, Dakata: Baba ya faɗi gaskiya. Ni haɓata ce ta sha. Na sunkuya ina duba layi, bakin inji ya sauko, farantin ya yi sama ya doke ni. Ɗinki biyar.

Mai tanki, Maraɗi: A ƙara da injin naɗi mai rola uku. Safar hannu ta ɗaukar faranti ce, kada a matso da ita kusa da rola. Ita da hannun riga mai faɗi, da zarar sun kama, hannun ne zai bi.

Ma'aikaciyar jinya: Don Allah idan yatsa ya guntule kada a zuba man birki ko ƙasa. A danne ciwon da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun. Guntun a naɗe shi a ƙyalle mai danshi, a ƙulle a leda, a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara, kada ya taɓa ƙanƙarar. A wuce asibiti nan take. Ku na Kano ga asibitin ƙashi na Dala.

Yaron gida, Dakata: To wa zai biya? Dokar diyyar ma'aikata ta Najeriya ta 2010 ta ce mai kamfani ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun NSITF, hukumar gwamnati mai biyan diyyar ma'aikacin da ya ji rauni a wurin aiki. Ni maigidana kuɗin ɗinki ya biya, ya ce in dawo Litinin.

Mai ƙofa, Ƙofar Ruwa: Na gode Baba, na gode Hajiya. Yaron shagona ya dawo da safe da bandeji. Na hana mai shayi tsayawa kusa da inji, har ya yi fushi.