Imel na yawo a cikin ofis amma ya ƙi fita waje, kowa ya kawo tasa

Mai IT na Sharaɗa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Dan Allah duk wanda ya taɓa cin karo da irin wannan ya ba mu labarin yadda tasa ta kaya, wlh kwana huɗu kenan ban yi barcin kirki ba. Ina aiki a wani kamfanin casar shinkafa nan Sharaɗa, ni kaɗai ne mai kula da kwamfutoci, ma'aikata masu imel sun kai 40. Watan jiya muka kafa sabar tamu ta kanmu, wato kwamfutar da ke karɓa da aika imel ɗin ofis, mai manhajar Exchange ta Microsoft, a ɗan ɗakin da ke bayan ofishin akanta. A cikin gida lafiya lau, manaja ya tura wa mai sito kafin ka ƙifta ido ya isa. Amma da an ce wani na waje za a tura wa, Gmail ko Yahoo ko wani kamfanin, sai saƙon ya je ya zauna a layi cikin sabar, shi kuma mai turawa yana ganinsa a Sent yana zaton ya tafi, bayan kwana biyu ya dawo wai lokacinsa ya ƙare. Kuma fa na waje in sun turo mana yana shigowa. Jiya Alhaji da kansa ya sauko, ya tsaya bakin ƙofa ya goya hannu a baya ya ce "yaro, takardar farashin da na ce a aika wa mutanen Legas tun Litinin, ina ta tsaya?" Ban iya ɗaga kai ba.

Tsohon hannu, Kaduna:
Wa'alaikumussalam ƙanena, kwantar da hankalinka, duk wanda ya daɗe a harkar nan ya bi ta wajen. Ka fara gane abu ɗaya, saƙon da manaja ke tura wa mai sito ko ƙofar gida bai leƙa ba, daga wannan akwati ne zuwa wancan a cikin inji ɗaya, ko an yanke intanet baki ɗaya zai isa. Don haka aikin cikin gida ba ya nuna komai game da waje. Ni tawa ta faru ne lokacin Exchange 2010, na gama kafawa na je na yi wa oga albishir, ashe ban ƙirƙiri send connector ba, wato saitin da ke nuna wa sabar hanyar fitar da saƙo waje, ita kuwa sabar ba ta zuwa da shi, kai za ka yi da hannunka ka sa alamar tauraro * a address space, ma'ana duk adireshin da ba namu ba a bi da shi ta nan. Yini guda na yi ina zargin kebul da fayawol, wato mai gadin da ke tace abin da ke shiga da fita netwok, sai wajen la'asar na gano. Fara duba wannan. Sannan in 2016 ko 2019 ce ka kafa ka sani Microsoft sun daina ba su gyaran tsaro tun 14 ga Oktoban 2025, wannan ma magana ce da ya kamata ka yi da Alhajinku.

Mai IT na Sharaɗa:
Na gode Yaya. Connector yana nan da tauraronsa, na sake dubawa yanzu.

Ɗan Maraɗi:
To in haka ne ina kyautata zaton ciwonka irin namu ne. Ni a biron wani kamfanin jigilar kaya nake nan Maraɗi, motocinmu na bin hanyar Dan Issa zuwa Jibiya da Katsina, kullum sai mun aika takardu ga abokan hulɗa. Wata rana muka canja masu ba mu rezo, wato intanet, washegari saƙo ya daina fita, sak yadda ka faɗa, shigowa na yi fita babu. Ashe sabbin sun toshe fot 25 na fita, wadda ita ce ƙofar da sabar ke bi ta yi magana da wata sabar. Masu rezo da yawa suna toshe ta da gangan saboda masu watsa saƙon banza, ba wai da kai suke ba. Ga gwajin da ya raba mini gardama: ka zauna gaban sabar ita kanta, ba ordinatar ɗinka ba, ka buɗe baƙin allon nan na rubuta umarni ka rubuta telnet gmail-smtp-in.l.google.com 25. In ka ga layi ya fito da 220 a farkonsa ƙofa a buɗe take. In kuwa ya tsaya yana ta ƙyafta ido har ya gaji, toshe take. Mu da muka kira su suka ce layin da muke kai ba a buɗe mishi, kuma adireshin IP ɗin ma, wato lambar da ake gane mu da ita a intanet, ba namu ba ne mu kaɗai, mutane da yawa ke raba shi. Sai muka koma wajen waɗanda ke riƙe mana domen, wato sunan da ke bayan alamar @ a adireshinmu, suka ba mu suna da kalmar sirri, na sa sabar tamu ta riƙa miƙa musu duk saƙon waje ta fot 587 su kuma su ƙarasa da shi. Smart host ake ce mishi. Shekara uku kenan ba mu sake jin ɗuriyar matsalar ba.

Akanta, Zariya:
Ni ba 'yar IT ba ce amma bari in faɗi tawa don na ga duk ta ɓangaren inji kuke kallo. Namu yana fita sarai, ba ya dawowa, ba komai, amma ba ya isa gaban idon mutum. Farkon 2024 ne, na tura wa wani kwastomanmu na shekaru takardar biyan kuɗi sau uku, shiru. Har na fara jin haushinsa a raina ina cewa wato Alhaji ya ci kaya ya yi lif. Shi ma can ashe fushi yake da mu wai mun raina shi mun ƙi ba shi takarda. Ranar da ya zo ofis da kansa na karɓi wayarsa na shiga Spam, ga su nan su uku a jere, ƙarƙashin tallan magani da na caca. Wlh kunya ta kama ni kamar in nutse, don na riga na yi wa bawan Allah mummunan zato a banza. Wasu saƙonnin kuma daga baya suka fara dawowa ɗungurungum. Yaron da ya zo ya gyara mana ya ce daga Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara, dole domen ɗinka ya kasance da shaidar cewa kai ne ka aiko. Har yau in na tura abu mai muhimmanci sai na bi shi da kira.

Tsohon hannu, Kaduna:
Hajiya ta taɓo babbar magana. Shaidar nan iri uku ce kuma duk a DNS ake rubuta su, wato rajistar da ke riƙe bayanan domen ɗinka a intanet. SPF jerin sabobin da ka yarda su aika da sunanka ne. DKIM kamar hatimi ne da sabar ke bugawa a jikin kowane saƙo, can su gwada su ga ba a taɓa shi a hanya ba. DMARC kuma kai ne ke gaya musu abin da za su yi da saƙon da ya faɗi gwajin, a bar shi, a jefa Spam ko a ƙi karɓa. Ƙa'idar Gmail, kowa sai yana da SPF ko DKIM aƙalla ɗaya, mai tura 5,000 a rana kuwa sai duka ukun. Ni dai shawarata ko 20 kake turawa ka yi duka. Kuma a kiyaye, SPF guda ɗaya tak ake yi wa domen, na taɓa tarar da wani ofis an rubuta biyu, wanda ya zo daga baya bai goge na farko ba, sai duka suka lalace.

Mai gyaran netwok, Jos:
Tawa ta fi ɗaci. Ranar Alhamis da safe kawai saƙonnin kamfanin da nake kula da su suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, na karanta na ga sunan Spamhaus a ciki, masu riƙe da jerin masu watsa saƙon banza, na duba a shafin MXToolbox, IP ɗinmu ya shiga baƙin littafi. Na rantse sabar tana da tsafta, kuma gaskiya ne tana da tsafta. Sai da na zauna kan fayawol ina kallon abin da ke fita na ga wata kwamfuta guda, ta ɗakin masu gadi da ake rubuta sunayen baƙi a ciki, tana ta antaya saƙo waje ta fot 25 ba ƙaƙƙautawa, fitilar katin netwok ɗinta ko ɗauke ido ba ta yi. Wani ne ya soka mata filashi mai bairos. Da yake duk ofis da IP ɗaya muke fita duniya, laifin tsohuwar kwamfutar nan ya shafi kowa har MD, ka san kifi ɗaya in ya ruɓe. Na zare mata kebul, na sa doka a fayawol cewa ba mai fita ta 25 sai sabar ita kaɗai, sannan na cike fom na neman a cire mu. Kar wanda ya nemi a cire shi kafin ya toshe ɓarakar, za su sake mayar da kai ne. Wannan dokar ta fayawol minti biyar ba ta kai ba, amma ofisoshi nawa na shiga babu ita, abin yana damuna ƙwarai.

Wata ma'aikaciyar banki:
Mu kam namu ba lalacewa ba ce, da gangan aka hana. Ƙananan ma'aikata ba ma iya tura wa kowa a waje, sai manaja da wasu 'yan tsiraru. Na fahimci dalili, bayanan kwastoma amana ce, ga kuma dokar kare bayanai ta 2023. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne an rufe ƙofa ba a buɗe wata ba. Kwastoma na tsaye gabanka yana neman takarda da gaggawa, manaja ya tafi mitin, sai ka ga mutum ya ɗaga waya ya ɗauki hoton sikirin ya tura ta WhatsApp. To wanne ya fi haɗari? Imel ɗin ofis ko ba komai yana barin sawu, a san wa ya tura, me ya tura. Ku masu IT dan Allah in za ku hana, ku zauna da mu masu zama da jama'a ku ji yadda aikin yake tukuna.

Ɗan bautar ƙasa:
Ni firinta ce ta wahalar da ni a inda nake hidima. In ka yi sikanin ka tura wa na cikin ofis ya je, na waje kuwa sai ta fito da 550 5.7.54 unable to relay. Ashe sabar ba ta san firintar ba, tana ɗaukarta baƙuwa. Ogana ya yi mata connector nata da IP ɗinta kaɗai, ya kuma ja mini kunne kar in kuskura in buɗe wa kowa da kowa, wai in sabar ta zama open relay masu saƙon banza za su gano ta su mai da ita motar haya.

Akanta, Zariya:
Af na manta, akwai ta nauyin fayil. Na sha tura sikanin na 20MB ya dawo alhali an ce Gmail na tura har 25. Sai aka gaya mini fayil yana kumbura da kusan kashi ɗaya cikin uku in ya shiga imel, kuma sabar tamu ma a 10MB aka bar ta tun daga kafawa.

Mai gyaran netwok, Jos:
Haka ne Hajiya. Wani abin kuma, zaman layi ba kullum ne sharri ba. Ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, ma'aikatanmu suka yi ta danna Send sau biyar-biyar, na bi ofis-ofis ina roƙonsu su bari, sabar na riƙe da saƙon tana sake gwadawa da kanta. Da layi ya dawo duk suka fita, waɗanda ba su ji magana ba kwastomominsu suka samu saƙo ɗaya sau biyar. Ku riƙa duba lambar da ke jikin saƙon da ya dawo, mai farawa da 4 na nufin a jira za a sake gwadawa, mai farawa da 5 an ƙi ne gaba ɗaya.

Mai IT na Sharaɗa:
Alhamdulillah 'yan'uwa, Allah ya saka da alheri. Malam na Maraɗi ka canka, telnet ya tsaya cak ba 220 ba komai. Na kira masu intanet ɗinmu suka ce mu rubuto takarda da hatimin kamfani, Alhaji ya sa hannu na kai da kaina a adaidaita, da yamma suka buɗe. Layin ya fara raguwa ina kallo, 63, 41, 12, sai kuma na Gmail suka dawo da 550 5.7.25. Wannan karon ban firgita ba, na tsaya na karanta shi har ƙarshe, cewa yake IP ɗinmu ba shi da PTR, wato in an tambayi lambar ba ta faɗin sunan sabar tamu. Shi kuma ba ni ke sa shi ba, masu IP ɗin ne, na sake kiransu suka sa yau da safe. SPF na gama, dokar fayawol ta Oga na Jos ma na sa. Mutanen Legas sun amsa ƙarfe 11 da 'yan mintuna, na buga amsar a takarda na hau sama na ajiye wa Alhaji kan tebur. Saura DKIM, na ga Exchange ta cikin gida ba ta buga shi da kanta, Yaya na Kaduna dan Allah me kuke amfani da shi a wajenku?