Goma kacal cikin 726: me ya sa gwajin kwaɗin John Gurdon ya kai ga kyautar Nobel?

Ɗalibar Bayoloji:
Assalamu alaikum malamai. A 1962 Gurdon, masanin bayoloji ɗan Birtaniya, ya dasa cibiyar ƙwayar hanjin jaririn kwaɗo (cibiya ita ce sashen ƙwayar halitta da ke ɗauke da umarnin gado) cikin ƙwai har sau 726, goma ne kawai suka zama jarirai masu iyo da cin abinci. Yaya aka yi dashen, kuma me ya sa aka ɗauki wannan ɗan adadi a matsayin hujja?

Malam Sani:
Wa alaikumus salam. Fara da abin da ake gardama a kai. A 1952 Briggs da King a Amurka sun yi irin wannan dashe da kwaɗon Rana pipiens, daga baya suka ga cewa muddin ƙwayar da aka ɗauko ta manyanta, dashen ba ya kamawa. Sai aka zaci ƙwaya tana rasa wani ɓangare na gadonta idan ta zama ta hanji ko ta fata. To ko ɗaya tak ya rayu daga cibiyar hanji, zaton ya rushe, domin ba yadda za a yi tsoka da ido da jini su fito daga umarnin da aka goge.

Ga yadda ake yi. Gurdon, yana Oxford a ƙarƙashin Michail Fischberg, ya zaɓi kwaɗon Xenopus laevis na kudancin Afirka, saboda allurar hCG, sinadarin da jikin mace mai ciki ke fitarwa, tana sa macen kwaɗon ta zuba ƙwai kowane lokaci a shekara. Ƙwan ya ɗan wuce milimita ɗaya. Ana haska saman ƙwan da bai haɗu da maniyyi ba da hasken UV, wanda ke kashe kuromosom ɗinsa (zaren DNA mai ɗauke da gado) da ke dab da fata, ya kuma tausasa yauƙin da ke lulluɓe da shi har allura ta iya shiga. Sannan a zuƙo ƙwayar hanji guda cikin siririn bututun gilashi wanda bakinsa bai kai faɗin ƙwayar ba, fatarta ta fashe, cibiyar ta tsira. Nan ne hannu ke aiki: bututu ya yi faɗi, ƙwayar ta shiga ba ta fashe ba, ya yi matsi, cibiyar ta lalace.

Dakta Hauwa:
Malam ya bar abu mafi muhimmanci, wato shaida. Mai shakka zai ce ai cibiyar uwar ƙwan ce ba ta mutu ba. Maganin wannan shi ne wani nau'in kwaɗo da aka samu a ɗakin gwajin Fischberg, mai nukiliyolas ɗaya, wato ɗan ɗigon da ake gani cikin cibiya, a kowace cibiya maimakon biyu. Daga shi ake ɗauko cibiyar dashe. A duba ƙwayoyin jaririn a madubin ƙara girma, in an ga ɗigo ɗaya, magana ta ƙare.

Dalilin yawan asara kuwa saurin ƙwai ne. Ƙwan yana rabewar farko cikin kusan minti 90, daga nan kowane rabin sa'a, alhali ƙwayar hanji ta saba ɗaukar sa'o'i kafin ta gama kwafar DNA. Sai a ja kuromosom tun bai gama ba, ya tsinke, tayin ya tsaya a hanya. Shi ya sa Gurdon ke ɗauko cibiya daga tayin farko ya sake dasa ta a sabon ƙwai, kuma hakan ya ɗaga nasarar zuwa kusan kashi 7 cikin ɗari. A 1966 shi da Uehlinger suka samu manyan kwaɗi masu haihuwa daga cibiyar hanji. A 1975, tare da Laskey da Reeves, suka gwada fatar ƙafar babban kwaɗo: jarirai sun fito, amma ba wanda ya kai girma.

Malam Sani:
Gaskiyarki Dakta. A ganina ma an fi cin moriyar aikin Gurdon na 1971, lokacin da suka zuba mRNA, wato saƙon da ke gaya wa ƙwaya furotin ɗin da za ta ƙera, na jinin zomo cikin ɗanyen ƙwan kwaɗo, ƙwan ya shiga ƙera furotin ɗin zomo. Tun daga nan masu binciken magunguna da ƙofofin da sinadarai ke bi su shiga ƙwayoyin jijiya suka mai da ƙwan Xenopus ɗakin gwaji. Bayan ya koma Cambridge ya nuna a 1988 cewa ƙwaya ba ta zama tsoka ita kaɗai sai tana cikin tarin 'yan'uwanta. Cibiyar binciken da ya taimaka aka kafa a can an sa mata sunansa a 2004.

Tunkiya Dolly, wadda aka samar a 1996 daga cibiyar ƙwayar babbar tunkiya, hanyarsa aka bi, kuma ita ɗaya ce ta rayu cikin dashe 277. Yamanaka na Japan kuma a 2006 ya tace ƙwayoyin gado 24 ya tsaya kan huɗu, Oct4, Sox2, Klf4 da c-Myc, ya mayar da ƙwayar ɓera yarinya, irin ta tayi mai iya zama kowace irin ƙwaya, ba tare da ƙwai ba. Gurdon da Yamanaka suka raba Nobel a 2012, shekara 50 cif bayan takardar Gurdon ta 1962.

Ɗalibar Bayoloji:
Na gode, Allah ya ƙara ilimi. Ashe ɗigon nan ne ginshiƙin hujjar. Dakta, waɗanda suka tsira daga tsinkewar kuromosom fa, me ke hana su kammala girma?

Dakta Hauwa:
Cibiyar ba ta manta aikinta na dā gaba ɗaya. Gurdon da abokin aikinsa Ng sun nuna cewa cibiyar da aka ɗauko daga ɓangaren tsoka tana ci gaba da kunna MyoD, ƙwayar gadon da ke sa a zama tsoka, a inda bai kamata ba ko bayan rabewa da yawa, kuma histon H3.3, wani furotin da DNA ke naɗe a kansa, na da hannu a riƙe wannan tunawar.