Tsare mutum don gudun abin da zai aikata: me za mu kira shi da Hausa?

1/ Malamai da 'yan'uwa masu juya labaran kotu, ku zo mu tsayar da magana ɗaya. Abin da Amurkawa ke kira preventive detention ya yawaita a labaran jihohinsu, kowannenmu kuma da yadda yake fassara shi. Shawarata ita ce "tsarewar kandagarki".

2/ Ga abin da ake nufi. Ana tuhumar mutum, ba a same shi da laifi ba tukuna, amma alƙali ya ajiye shi saboda ana tsoron in ya fita zai cutar da wani. A da, aikin beli shi ne tabbatar da cewa wanda ake tuhuma zai dawo kotu. Tsarin mulkin jihohi da dama ya ba kowa haƙƙin beli, ban da mai laifin da hukuncinsa kisa ne. Idan alƙali yana tsoron mutum, sai ya tsawwala kuɗin. Mai hali ya biya ya fita ko da mugu ne, talaka ya yi watanni a ciki kan ƙaramin laifi.

3/ A 1984 dokar tarayyar Amurka ta ba alƙali ikon hana fita saboda haɗarin mutum ga jama'a, Kotun Ƙoli ta amince da ita a 1987 a shari'ar Salerno. Jihohi suka biyo baya, kowace da tafiyarta. New Jersey ta gyara tsarin mulkinta a 2014, tsarin ya fara aiki a 2017. New Mexico ta yi nata a 2016. Alabama ta yi a 2022, bayan kisan Aniah Blanchard, wadda mutumin da aka tuhuma da sace ta yana waje a kan beli. Illinois kuwa ta soke belin kuɗi ɗungurungum a Satumban 2023.

4/ "Hana beli" bai wadatar ba. Ya faɗi sakamako, bai faɗi dalili ba. A Illinois ma babu kuɗin da za a hana ka biya, sai dai a sake ka ko a tsare ka.

5/ "Ɗauri" kuma zalunci ne a nan, domin mai sauraro zai ɗauka an yanke hukunci. "Ɗaurin talala" wani abu ne daban. "Wakafi" ya yi kusa, tunda gidan wakafi wurin jira ne, sai dai ya haɗa kowane mai jiran shari'a, har da wanda rashin kuɗi kawai ya zaunar.

6/ Saura "riga-kafi" da "kandagarki". Na san wasu za su fi son ta farko don sauƙi. Amma kunnen Bahaushe da ya ji riga-kafi allura yake tunawa, abin alheri ga wanda aka yi wa. Wanda aka tsare ba don amfaninsa aka yi ba. Kandagarki kariya ce da ake kafawa tsakanin jama'a da abin tsoro, wannan shi ne hujjar dokar.

7/ Roƙona ɗaya: a farkon labari mu rubuta ta cikakkiya, "tsarewar kandagarki bisa umarnin kotu". 'Yan'uwanmu na Ghana sun san dokar 1958 ta zamanin Nkrumah, ita ma mai suna preventive detention, wadda aka kulle mutane da ita shekaru babu shari'a. Mu ma a Nijeriya mun san Doka ta 2 ta mulkin soja ta 1984, ta tsare mutum babu shari'a. Ta New Jersey ba haka take ba: mai gabatar da ƙara ne zai nema, a zauna gaban alƙali, wanda ake tuhuma yana da lauya, kuma akwai wa'adin fara shari'a. Duk da haka, kulle mutum kan abin da bai yi ba tukuna abu ne mai nauyi, dole kalmarmu ta bar mai karatu ya ji nauyin.

8/ Misali: "Masu gabatar da ƙara sun nemi a yi masa tsarewar kandagarki, alƙali ya ƙi." Lauyoyinmu, ku gwada ta a bakinku, ku gaya mana in ta zauna.