Gogenmu ya ƙi zama da murya ɗaya tunda damina ta kama

Salamu alaikum. Muna da ƙungiyar kiɗa ta unguwa a Birnin Kebbi: kalangu, kotso, sarewa, goge, sai kibod da matasa suka shigo da shi. Mu ake kira wasan sallah da bikin yaye ɗalibai, wani lokaci har Argungu da Jega.

Da rani komai lafiya. Tunda ruwa ya sauka, gogen ya hana mu sakat. Za a ɗaure shi daidai da kibod, kafin a gama waƙa ta biyu muryarsa ta faɗi, ta koma ƙasa-ƙasa, ga wani kuka mara daɗi. Mai kalangu yana matsa tsirkiyarsa ya bi duk inda aka je, amma kibod ba ya lanƙwasa, sai ka ji shi da gogen suna ta karo. Abin ya fi muni da dare a fili.

Mun gasa fatar gogen kusa da garwashi, ta ɗame, cikin ɗan lokaci ta sake saki, yanzu har gefenta ya fara tsagewa wajen ƙwaryar. Mun canza izgar, mun ƙara ƙaro, babu bambanci. Mun sauko da muryar kibod ɗin ƙasa don ta dace da ta gogen, sai sarewa kuma ta fita daga layi. Wasu sun ce a sa fatar roba. Mai gogen, dattijo ne, ya ce wannan ba goge ba ne, kuma ina ganin yana da gaskiya.

Masu goge da masu haɗa shi, me ake yi wa fatar ta riƙe ɗamewarta cikin danshin damina ba tare da wuta ba? Na gode.