Wa ya tuna lokacin da layin waya ya fi tunkiya tsada?

Baban Ummi, Ringim:
Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya yarona ke ta mita wai kira da data sun yi tsada tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yarje wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 a farkon 2025, na ce yaro man kaza, me ka gani. Mu da muka taso NITEL, kamfanin waya na gwamnati, ce kaɗai, ita ma sai birni. Sai 2001 zamanin Obasanjo aka yi gwanjon lasisin wayar salula, GSM, kowanne dala miliyan 285, MTN da Econet suka fara aiki a watan Agusta. Layi zalla ba waya sai ka ajiye wajen naira 20,000, minti ɗaya naira 50, ko sallama kawai ka yi ka kashe kuɗin minti ya tafi. Don Allah kowa ya faɗi yadda abin ya zo masa a garinsu, musamman waɗanda suka nemi abinci a harkar.

Maman Sadik, Kazaure:
Wa alaikumus salam Baban Ummi, ka tuna min da nisa wlh. Yayarmu tana aure a Jidda, mu kaset muke cikawa, kowa ya zo ya yi gaisuwarsa har Inna ta yi kukanta a ciki, a ba alhazai su kai, amsa kuma sai sun dawo. Rasuwar Baffanmu sai da aka yi arba'in sannan ta ji.

Sale Mai Lema, Gumel:
Ni kam na ci na kuma sha wuya. Akuyoyin gyatumata biyu na sayar na haɗa da kuɗin gyaɗa na sayi layi da Nokia 3310, na kafa lema da tebur a bakin tasha, ranar Alhamis kuma in wuce kasuwar Maigatari don nan ne kuɗin yake, fataken shanu kowa so yake ya kira Legas ya ji ko motarsa ta sauka, layi har bayan masu shayi, ina riƙe da agogo ina ƙirga minti ana ta musu da ni wai ban kai ba. Har kuɗin amsa kira nake karɓa, a kira a ce a nemo wane, in tura yaro da keke. A shekara ɗaya na yi aure na sayi Jincheng.

To sai Glo ta shigo a 2003 da lissafin sakan-sakan, sauran da suke cewa abin ba zai yiwu nan kusa ba duk suka bi sahu. Layi ya dinga faɗuwa har ya dawo kuɗin goro, wayoyin Chana masu layi biyu suka cika gari. Mu masu lema a tashar nan mun kai goma, kowa na karya farashi don ya ƙwace wa ɗan uwansa kwastoma, ƙarshe wanda yake biyana ya kira sai ga shi da tasa a aljihu yana min filashin. Gasar da ta yi wa mutane daɗi ita ta tashe ni. Na koma sayar da kati da cajin waya da janareta, yanzu POS nake a ƙarƙashin lemar dai, ta uku ke nan.

Ɗan Kadawa:
Yaya Sale Allah ya ƙara buɗi. Mu manoman tumatir gsky mun gode Allah. Da sai ka loda kwanduna a Kwanar Gafan ka tura kasuwar Mile 12 ta Legas a makance, abin da dillali ya ce an sayar shi ke nan, ba ka da ta cewa. Yanzu kafin a ɗebo na kira mutum uku na ji kasuwa. Dillalan ba su mutu ba fa, su ma sun sayi waya.

Malam Habu, wani ƙauye a ƙasar Birnin Kudu:
Ku yi haƙuri, wannan gasar da kuke ta yabo a bakin kwalta ta tsaya. Garinmu ƙarfen sabis ɗaya ne, na kamfani ɗaya, shi ma a garin gaba yake. In man janaretansa ya ƙare sai mu kwana uku shiru, mutane su hau tudun bayan makabarta suna ɗaga waya sama kamar masu duban wata. An ce tun 2013 kana iya komawa wani kamfanin da lambarka, to in koma wa? Wanda bai da ƙarfe a nan ko kyauta yake ba da kira me ya amfana min. Sau biyu muna rubuta takarda ta hannun mai gari, suka zo suka auna fili suka tafi, an ce wai mutanenmu ba su kai yawan da za su mayar da kuɗinsu ba.

Baban Ummi, Ringim:
Gaskiyarka Malam. Ni ma layin da na fara saya sunansa ya canza a hannuna har na gaji, Econet, Vmobile, Celtel, Zain, Airtel, lambar dai tana nan.

Sale Mai Lema, Gumel:
Malam Habu tudun nan na bayan makabarta akwai mai caji a wurin? In babu ina da ƙaramin sola da ba na amfani da shi, ka min magana in na shigo Dutse.