Neman kalmar Hausa: me za mu kira "lebilin tiyori" a binciken ɗalibai?

Daga Samaru:
Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina duba aikin wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe da ke bincike kan matasan Sabon Gari da aka taɓa kamawa saboda shan kodin, maganin tarin da gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigowa da shi a 2018. Da yake da Hausa za ta tattauna da yaran da iyayensu, kuma tana son ta bar wa masu unguwa taƙaitaccen bayani, sai muka cije a kan sunan ra'in da ta ɗora aikinta a kai, wanda Turawa ke kira "lebilin tiyori". Kalma ta biyu ba ta da gardama, domin masana Hausa sun daɗe da tsayar da "ra'i". Ta farkon ce ta gagare mu.

Ga abin da ra'in ya ƙunsa, don kada mu raɗa wa jaririn da ba mu gani ba suna. Frank Tannenbaum ya fara nuna shi a Amurka a 1938, Edwin Lemert ya faɗaɗa shi a 1951, sannan Howard Becker, wanda ya yi karatu a Shikago, ya fito da shi fili a 1963 bayan ya zauna da mashaya wiwi da makaɗan gidajen rawa. Sun ce yara da yawa sukan yi ɓarna sau ɗaya ko sau biyu su wuce, amma wanda aka kama, aka yayata, aka riƙa kiransa ɗan ƙwaya, shi ne maigidan shago zai sallama, iyayen budurwa su kora, abokan kirki su guje masa, har ya rasa inda za a karɓe shi sai wajen masu irin sunansa, daga nan kuma sunan ya zame masa sana'a. Wato in an bi ta ɓarawo, a bi ta mabi sawu. Ɗalibar ta rubuta "ra'in shafa kashin kaji", ni kuwa raina bai kwanta da shi ba.

Daga Kongo:
Wa'alaikumus salam, Malam. Rashin kwanciyar ranka yana kan hanya. Wanda aka shafa wa kashin kaji, ƙazafi aka yi masa, alhali ra'in nan bai ce yaron bai sha ba, abin da ya biyo bayan kamun yake dubawa. In ta tafi da wannan suna, duk wanda ya karanta zai ɗauka tana wanke yaran ne, kuma jami'an NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ba za su sake buɗe mata baki ba. Shawarata ita ce "ra'in tambari", domin hukuma ce ke buga shi, kuma ba ya goguwa. Mu a fannin shari'a mun ga nauyin suna a 2019, lokacin da sabuwar doka ta mayar da gidajen yari gidajen gyaran hali.

Daga Tudun Wada:
Allah ya gafarta malam, tambari a Zazzau ai na fada ne, kunnen Bazazzagi girma yake ji a cikinsa kafin ya ji aibi. Ban da haka, ba hukuma kaɗai ke wannan aiki ba. Kafin ɗan sanda ya san yaro, matan gida da 'yan majalisar ƙofar gida sun riga sun gama da shi. Me zai hana a ce "tsangwama"?

Daga Samaru:
Hajiya, na karɓi gyaranki kan tambari, amma tsangwama tana da mai ita. Ita ce aka saba amfani da ita a rediyo da asibitoci wajen maganar masu cutar ƙanjamau, kuma ta fi dacewa da abin da masanin zamantakewa Erving Goffman ya yi nazari a kai, shi ma a 1963. Tsangwama tana zuwa ne bayan suna ya kama mutum, don haka in muka ba su kalma ɗaya, ɗalibi zai kasa raba sanadi da sakamako a babinsa na biyu, inda dama nan ne yawancinsu ke jera ra'o'i kamar kayan lefe ba tare da sun taɓa ko ɗaya a sauran aikin ba.

Daga cikin birni, Ƙofar Doka:
'Ya'yana, ku ba tsohon malamin Hausa dama. "Laƙabi" ya zo mini tun farko, ga shi kuma Alƙur'ani a aya ta 11 ta Suratul Hujurat ya hana jifan juna da miyagun laƙubba, saboda haka ba sai an yi wa mai unguwa dogon bayani ba. Sai dai laƙabi a bakinmu yakan zama na so ko na yabo, kamar Auta ko Gambo, kuma suna ne kawai, ba ya nuna mai yi da wanda aka yi wa. Aikatau, wato kalmar aiki, ake bukata, kuma muna da shi: laƙaba. Mukan ce an laƙaba masa sata, an laƙaba mata maita, kuma duk mai jin Hausa ya san wani ne ya manna, wanda aka manna wa bai nema ba, ɓamɓarewa kuma sai an sha wuya. Kalmar ba ta yanke hukuncin ko ya yi ko bai yi ba ƙwarai kamar kashin kaji. Ku ce "ra'in laƙaba suna". Ku gwada shi a kan "almajiri", wanda asalinsa mai barin gida neman ilimi ne, yau kuma a bakin wasu ya koma mabaraci, ku gani ko bai zauna ba.

Daga Kongo:
Baba, na janye tambarina. Abu guda nake roƙo, a bayyana ma'anar a farkon aikin, domin wasu za su ji ƙamshin ƙage a cikin "laƙaba".

Daga Samaru:
Mun gode, Baba, Allah ya ƙara girma. Za ta rubuta "ra'in laƙaba suna", ta bayyana shi a shafin ma'anar kalmomi kamar yadda Barista ya nema, ta kira sunan da aka manna "mugun laƙabi", ta bar "tsangwama" ga abin da ke biyo baya. A takardar tambayoyinta kuma na ce ta cire "ɗan ƙwaya" daga bakinta, ta tambayi yaron da wane suna ake kiransa a unguwa, wa ya fara kiransa da shi, kuma tun yaushe ya fara amsawa.